Ɗalibar da Ta Koyi Tsoron Tsawa

Ina cikin cin ɗanwake a ɗakin bincikenmu na Samaru, cokali a hannu ɗaya, ɗayan a kan kwamfuta, sai ga kiran Dakta Chinwe. Chinwe ba ta kira don gaisuwa. A Sabon Gari aka haife ta, a nan ta girma, Hausa a bakinta ta fi ta wasu 'yan birni, kuma tun da na san ta ban taɓa jin ta yi zagaye-zagaye a magana ba.

"Zubaidatu, in kina tsaye ki zauna. Maciji ya sari yayanki a gona. Kububuwa ce. Yana wurin Henry."

Yaya Uba malamin gona ne. Damina na faɗuwa yake ɗaukar jakarsa ya tafi wani ƙauye can yamma da mu, inda suke gwajin irin masara, ƙauyen da ko bishiya ka hau ba ka samun sabis. Henry kuwa shi ne ma'aikacin lafiya ɗaya tilo a wurin. Na ce a sako shi a mota mana, me ake jira? Ta ce rafin da ke tsakaninsu da titi ya kawo tun jiya, ko babur ba ya ƙetarewa. Akwai maganin dafi a firijin Henry, amma bai taɓa sa wa mutum shi kaɗai ba, maganin kuwa yakan juya wa wasu, numfashi ya sarƙe. Dole ta riƙa kallo tana gaya masa abin da zai yi.

"Layinki kawai nake da shi," in ji ta. "Kada ya yanke."

Layina ne kuwa. Faranti ɗaya a kan rufin ɗan asibitin da Chinwe ke aiki a Jushi, ɗaya a kan ɗakin shan magani na ƙauyen, tauraron ɗan'adam a tsakani yana miƙa murya da hoto. Babban maƙiyin irin wannan layi shi ne ruwan sama, domin ruwa cin siginal yake yi. In hadari ya taso sai a ƙara wa na'urar ƙarfi, a rage mata gudu, ta riƙa maimaita saƙo kamar mai yi wa tsohuwa magana, har ruwan ya wuce. In aka makara, layi ya mutu. In kuma aka riƙa yi ba dalili, batirin sola ya ƙare a banza. Aikin digirina na uku ke nan: manhajar da za ta koyi yin wannan saiti da kanta. Na ɗura mata bayanan daminar bara kaf, ƙarfin siginal, danshin iska, yawan batir, lokacin da layi ke raye da lokacin da ya mutu, ta yi ta bita har ta gane. Na sa mata suna Ɗaliba. Sharaɗi biyu na gindaya mata, kada magana ta yanke, kada batir ya tafi a banza. Duk rani ta yi aiki ba ko tangarɗa, ni kuwa ina ta hura hanci a gaban abokan karatuna.

Na ture kwanon, na leƙa taga. Gabas ta yi baƙi ƙirin, daidai saitin Sabon Gari. Babban hadari na farko ke nan tun da na miƙa wa Ɗaliba ragamar layin.

Ban tsorata ba da farko. Na buɗe shafin da nake ganin aikinta daga nesa, ina jiran in ga ta ɗaga ƙarfi yadda ya kamata. Sai na ga lambar tana sauka. Na goge gilashina da gefen mayafi na sake dubawa. Sauka take yi, a hankali, ba ruɗewa a ciki, kamar wadda ta san abin da take yi sarai.

"Ke, me kike yi haka?" na ce wa kwamfutar. 

Daga Samaru kallo kawai zan iya yi. Ni da kaina na kulle akwatin na'urar don gudun masu kutse, ba mai ƙwace saitin daga hannun Ɗaliba sai wanda ya je gabansa ya jona waya. Ranar da na yi wannan dabarar har yaba wa kaina na yi. Na cusa kwamfuta a jaka, na nannaɗe jakar da leda, na fita da gudu ko ƙofa ban ja ba.

Ɗan acaɓan da na tare a bakin titi ya dubi sama, ya dube ni.

"Hajiya, ruwa zai dake mu fa."

"Ya dake mu. Jushi, kuma kada ka tsaya wa kowa."

Kafin mu kai Palladan iska ta taso. Ledoji da ganyaye suna ta shawagi a kan titi, masu tumatir suna kifa kwanduna, tela yana jan kekensa ciki. Na ga mai cajin waya yana zare filogi ɗaya bayan ɗaya, mai aski ma ya bar kan mutum rabi ya je ya kashe talabijin. Na gani da idona, amma hankalina bai tsaya a kai ba, don abu ne da nake gani tun ina goye. Zuciyata tana kan Yaya Uba. Shi ya kai ni makaranta ranar farko a kan keke, shi ya tsaya mini lokacin da dangi suka ce injiniya ba aikin mace ba ne. Tun rasuwar Inna, in na ce gida, shi nake nufi. A Kwangila motoci sun cushe, kowa yana son ya riga ruwa. Ɗan acaɓan ya kutsa ta tsakanin tirela da bas har gwiwata ta gogi ƙarfe.

Muna shiga Jushi ɗigon farko ya sauka, manya-manya.

Ofishin Chinwe ɗan ƙarami ne, tebur da gadon duba marasa lafiya, sai akwatin na'urar a lungu kusa da taga. Na same ta tsaye ta dafa tebur da hannu biyu. Hoton da ke allon ya daskare a kan fuskar Yaya Uba, idanu a rufe, jini a gefen baki. Muryar Henry tana zuwa a gutsuttsure.

"Dakta... ruwan maganin yana shiga... amma yana ta susa... wuyansa..."

"Henry, I no dey see anything, ba na ganin komai. Gaya mini da baki. Leɓensa ya kumbura?" Ta juyo ta gan ni. "Tun ɗazu hoton ya tsaya. Gyara shi."

Na durƙusa a gaban akwatin, na zura wayar kwamfutata a raminta. Kwamfutar tana buɗewa aka yi walƙiya, tsawa ta biyo baya har gilashin taga ya amsa. Sai na ji takun takalmi da sauri, wani hannu ya wuce ta kan kafaɗata ya kama filogin akwatin.

Na damƙe hannun kafin in ga mai shi.

Sista Martina ce, shugabar ma'aikatan jinya, wadda ta fi kowa daɗewa a asibitin. Mace mai tsafta da tsari, ba a ƙetare maganarta. Ita ta ba ni lungun nan na ajiye akwatin bara, har takan ajiye mini kunu in na zo.

"Zubai, sake ni. Ba ki ji tsawa ba?"

"Sista, me za ki yi?"

"Cirewa zan yi mana. Waya ne fa daga rufi har cikin ɗaki. In an gama ruwa a mayar."

Na dube ta, na dubi filogin. 

"Sista, bara ma kina cirewa?"

"Kullum. Ko ina gida nakan kira in ce a cire. Laifi ne?"

A nan na gane komai, kuma ban ji daɗin ganewar ba. A bayanan bara, duk lokacin da hadari ya taso layi yakan mutu ɗif. Na ga wuraren, na ɗauka ruwa ne ke kashe shi. Ashe hannun Sista ne. Ɗaliba kuwa ba ta san da wani hannu ba. Abin da ta gani shi ne, ko an ƙara ƙarfi ko ba a ƙara ba, da zarar gabas ta yi baƙi layi zai mutu, to don me za ta ɓata batir? Ba ta lalace ba, ba ta yi kuskuren lissafi ba. Tarbiyyar gidan da ta tashi ta ɗauka. Duk karatun da na yi mata, abin da ta fito da shi shi ne abin da kowace uwa a Zariya ke faɗa wa 'ya'yanta: ana tsawa, a kashe komai.

Haushi ya kama ni, na rasa wa zan ji wa, ita, ko manhajar, ko ni.

"Dakta..." muryar Henry ta sake ɓullowa, sama-sama. "Numfashinsa yana ƙara... kamar usur... in tsayar da ruwan ne ko in ci gaba? Dakta, in tsay..."

Muryar ta ɗauke. Ruwa ya ɓarke a kan kwanon rufi kamar ana zuba tsakuwa.

"Tsayar da shi," Chinwe ta ce da ƙarfi. "Henry, tsayar da ruwan, ka yi masa allurar adrenalin a cinya, rabin 'yar kwalbar. Henry?" Ba amsa. Ta dube ni, kuma gara ta zage ni da wannan kallon.

Har yanzu hannun Sista yana kan filogin, nawa yana kan nata.

"Sista, yayana ne a can. In kika cire, ba mai gaya wa Henry abin da zai yi."

"Na san yayanki ne." Muryarta ta yi ƙasa. "Ni ma ina da ƙanwa, Elizabeth. A gidanmu, tana zaune kusa da rediyo, wayan eriya ya bi ta taga kamar wannan. Ni na ɗauke ta daga ƙasa. Yanzu akwai mata a ɗakin haihuwa, akwai jarirai. In wuta ya tashi a ginin nan, wa za a tambaya?"

Ban taɓa jin wannan labarin ba. Na ce mata akwai sandar kariyar tsawa a kan rufi, mun binne wayarta a ƙasa, ni na tsaya aka yi aikin.

"Za ki rantse ba abin da zai faru?"

Na so in rantse. Ƙarya ɗaya ce, kuma da ta wuce. Amma idonta yana cikin nawa.

"Ba zan rantse ba, Sista. Sandar tana ragewa ne, ba ta hanawa duka. Ni zan zauna kusa da shi. Ku ku matsa."

Aka sake yin walƙiya, na ji yatsunta sun ƙanƙame filogin. Na rufe ido ina jiran ƙarar zarewa. Sai na ji hannun ya saki a hankali, ya zame daga ƙarƙashin nawa.

"Yi sauri," ta ce.

Na ƙwace saitin daga hannun Ɗaliba. Na kashe hoto gaba ɗaya, na kai ƙarfi ƙarshensa, na sauke gudu zuwa mafi ƙanƙanta. Fitilar akwatin ta yi ja, ta yi ruwan ɗorawa, ta koma ja. Ruwan ya fi ƙarfin murya. Abin da ya rage shi ne rubutu, shi ne kaɗai zai iya ratsawa, ɗan guntun saƙo da na'urar za ta yi ta maimaitawa har ɗaya ya isa.

"Dakta, faɗi in rubuta. A taƙaice."

Ta faɗa, na rubuta: Tsayar da ruwan. Adrenalin rabin kwalba a cinya yanzu. Ɗaga ƙafafunsa. Na tura. Na'urar ta fara jefa saƙon sama, yana faɗowa, tana sake jefawa.

Sai wata ƙara ta taso daga bayan ƙofa, ƙit, ƙit, ƙit. Injin batir ne yake kuka. Tun rana hadari ya rufe sola, ga fankoki da fitilu da talabijin na ɗakin jira duk a kansa, ga ni kuma na buɗe wa akwatin baki yana zuƙa iya ƙarfinsa. Abin da Ɗaliba ke tsoro ke nan, kuma a wannan ba ta yi ƙarya ba. In batir ya faɗi, akwatin zai mutu ko ba wanda ya taɓa filogi.

"Batir ba zai kai ba," na ce. Ban san ma da wa nake ba.

Sista Martina tana bakin ƙofa, ta toshe kunne ɗaya da hannu. Ta sauke hannun.

"Wutan ne bai isa ba?"

"Komai na ginin nan yana ja."

"To wannan kam aikina ne."

Ta juya ta fita. Fankar ofis ta fara tsayawa. Na ji muryarta a baranda tana ba da umarni, a kashe wannan, a zare wancan, a bar firijin magani kawai, a kunna tocila a ɗakin haihuwa. Talabijin ta yi shiru a tsakiyar magana. Wani mai jinya ya fara ƙorafin cajin wayarsa, ta ce masa in ya ƙara magana har shi za ta zare. Babu soket ɗin da ba ta san inda yake ba a ginin nan, har wanda ke bayan kabad. Ɗaki bayan ɗaki asibitin ya yi duhu, kukan injin ya ja baya, ya tsaya.

Muka zauna a duhun la'asar, hasken kwamfuta kawai a fuskokinmu. Chinwe ta harɗe hannu tana kallon allon. Ni ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, wasu ma ban kai ƙarshensu ba nake kama wasu. Ina jin tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Ina ta ganin Henry tsaye da allura a hannu yana jiran izinin da ba zai zo ba, ko kuma ya bar ruwan yana shiga don ba a ce ya tsayar ba. Sista ta dawo. Na ɗauka a bakin ƙofa za ta tsaya, sai ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, dab da akwatin, dab da wayar da ta sauko daga rufi. Duk tsawar da aka yi sai kafaɗarta ta zabura. Leɓenta yana motsi, tana tata addu'ar.

"Sista, ki matsa baya mana."

"Rufe mini baki ki kalli abinki."

Fitilar ta yi ruwan ɗorawa ta tsaya a haka. Wasu haruffa suka fito a ƙasan allon.

Na samu. Na yi.

Chinwe ta saki numfashi. "Tambaye shi yadda ƙirjin yake."

Na tambaya. Amsar ta daɗe, ko kuma ni na ga ta daɗe. Usur ɗin ya ragu. Chinwe ta ce a jira, a sake duba shi, in ya daidaita a mayar da ruwan maganin a hankali, ɗigo-ɗigo, don dafin yana nan bai je ko'ina ba. Haka muka yi ta yi, tana faɗa ina rubutawa, Henry yana amsawa da kalma biyu ko uku. Ban san lokacin da ruwan ya fara sassautawa ba, sai dai na ji ina iya jin numfashin Sista a gefena.

Da fitilar ta koma kore na buɗe murya, ban yi gangancin buɗe hoto ba. A gefen allon na ga Ɗaliba tana ta adana duk abin da ya faru, ko da yake na ɗaure mata hannu. Hadari na farko ke nan da ta gani daga farkonsa har ƙarshensa, layi bai mutu ba. Na nuna wa Sista, na gaya mata yadda cire filogin bara ya koya wa manhajar rage ƙarfi in hadari ya taso.

"Wato ni ta koya?" ta ce.

"Ke ta koya."

Ta kalli akwatin. "To ta ga na yau ma. Ta haɗa ta zaɓa."

Lasifikar ta yi ƙara, muryar Henry ta fito tar, a gajiye. Ya ce jinin bakin ya ragu, mutumin ya buɗe ido, wai yana tambayar wa ke kan layi. Aka yi ɗan motsi, sai na ji wani numfashi mai nauyi da na sani tun ina yarinya.

"Zubai?"

"Na'am, Yaya. Ina nan."

Daidai nan ragowar tsawar ta yi gunji can yamma, ta nufi wajensu. Ya ji ta ta cikin lasifikar. Sai ya ce, da wata murya siririya da ƙyar take fita:

"Ke, ana tsawa kina kan waya? Da Inna tana nan da kin sha faɗa. Kashe, ma yi magana in an ɗauke."

Sista Martina ta sa gefen rigarta ta rufe fuska, ban san ko dariya take ko kuka ba. Ni dai hawaye ne suka zubo mini, na bar su.

"Ba zan kashe ba, Yaya," na ce. "Yi ta magana, ina jin ka."